Zirga-zirgar ma'aikata tsakanin Abuja da garuruwan kewaye

Zirga-zirgar ma'aikata tsakanin Abuja da garuruwan kewaye ita ce tafiyar da ɗimbin ma'aikata, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da ɗalibai ke yi kowace safiya daga inda suke kwana zuwa tsakiyar babban birnin tarayyar Najeriya, sannan su koma da yamma. Yawancin masu wannan tafiya suna zaune ne a Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Kuje, Bwari da Gwagwalada, waɗanda ke cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ko a Mararaba, Masaka da Keffi na jihar Nasarawa, ko a Suleja da Madalla na jihar Neja. Arahar haya ce ke kai mutane waɗannan wurare, amma wani ɓangare na abin da suka rage a haya suna biyan sa a hanya, da kuɗi da lokaci da kuma lafiyar jiki. Shi ya sa zaɓen yadda za a riƙa yin tafiyar yake cikin manyan shawarwarin da ma'aikacin Abuja ke yankewa.

Asali

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta shekarar 1976, a zamanin mulkin Janar Murtala Muhammed, kuma gwamnati ta tare a Abuja a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar birnin ta shekarar 1979 ta tanadi hanyoyin sufurin jama'a da za su ratsa unguwanni, amma tituna da gine-ginen ofisoshi sun riga su samuwa da shekaru masu yawa. Ma'aikatu da hukumomi sun taru a tsakiyar gari da Garki da Wuse da Maitama, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci, ga kuma al'adar masu gida ta karɓar kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule. Rushe-rushen unguwannin da ba su cikin tsari, musamman tsakanin 2003 da 2007 lokacin da Nasir El-Rufai yake ministan birnin, ya ƙara tura jama'a bayan gari. Haka aka wayi gari aiki yana wuri guda, gidajen ma'aikata kuma suna warwatse a nesa.

Wasu matakan hukuma sun sake fasalin tafiyar. A watan Oktoban 2006 an hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin. A shekarar 2013 an hana ƙananan bas-bas masu koren fenti, waɗanda ake kira araba, shiga cikin gari, da nufin manyan bas-bas su maye gurbinsu. Manyan ba su wadatar ba, sai ƙananan motocin haya da motocin gida suka cike giɓin.

Manyan hanyoyin shiga

Hanyoyi uku ne suke ɗauke da mafi yawan masu shigowa. Daga gabas akwai hanyar Abuja zuwa Keffi, wadda ta bi ta Masaka, Ado, Mararaba, Nyanya, gadar Karu da Kugbo kafin ta iso shataletalen AYA a Asokoro. Daga arewa maso yamma akwai babbar hanyar Zuba zuwa Kubwa, wadda mutanen Suleja, Madalla, Dei-Dei, Dutse Alhaji da Bwari ke bi. Daga kudu maso yamma kuma akwai hanyar filin jirgin sama, mai suna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta mutanen Lugbe, Kuje da Gwagwalada.

Biyun ƙarshe faffaɗa ne, kuma in ba a samu hatsari ko aikin gyara ba, mota tana gudu a kansu. Hanyar Keffi ce ta yi ƙaurin suna. Daga Mararaba zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 20 ne, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a idan titi a sake yake, amma da safiyar ranar aiki takan ci sa'a biyu ko fiye. Dalilan a fili suke: garuruwa da yawa sun dogara da titi guda, kasuwanni sun cinye gefen hanya, direbobin haya suna lodi a kan titi, ga manyan motoci da kan lalace a hawa ko su ƙwace a gangaren Kugbo. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta afka wa jerin motoci kusa da gadar Karu da yamma, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka. Tun kafin wannan, ranar 14 ga Afrilu, 2014, bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe lokacin da ma'aikata ke neman mota, ya kashe mutum fiye da 70. Shingayen binciken da aka kafa bayan harin sun daɗe suna ƙara tsawon cunkoson.

Abubuwan hawa

Ƙananan motocin haya na haɗaka, waɗanda mazauna birnin ke kira "along", su ne ƙashin bayan tafiyar. Sukan ɗauki mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Suna da yawa kuma ba sa daɗewa wajen lodi, sai dai kuɗinsu ba shi da tsayayyen farashi: yana hawa da safe, yana hawa da yamma, kuma idan hadari ya haɗo sai ya ƙara hawa. Mai zuwa daga nesa ba kasafai yake isa da mota guda ba. Yakan hau acaɓa ko keke napep daga gida zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa AYA, Berger ko Area 1, sannan ya sake wata zuwa ofis. Kowace sauka tana nufin sabon kuɗi da sabon jira.

Manyan bas-bas, na kamfanin sufurin birnin wato AUMTCO da na 'yan kasuwa, sun fi araha. Aibinsu shi ne layi, da jiran mota ta cika, da tsayuwa a cikin mota idan kujeru sun ƙare. Sun fi dacewa da wanda gidansa ke kusa da inda motar take fara lodi, domin shi ne ke samun wurin zama.

Motar ma'aikata, wadda wasu ma'aikatu, bankuna da makarantu ke tanada, ita ce mafi sauƙi ga wanda ya same ta. Kuɗinta kaɗan ne ko babu, fasinjojin sun san juna, kuma idan ta makara kowa ya san ba laifin mutum ɗaya ba ne. Sharaɗinta ɗaya: ba ta jiran kowa, da safe ko da yamma.

Motar kai tana ba da 'yanci, kuma ga mai kai yara makaranta kafin ya wuce aiki kusan ba ta da madadi. Amma ita ce aka fi yin kuskuren lissafinta, domin mutane kan ƙirga kuɗin mai kawai su manta da baƙin mai, taya, birki, takardu, inshora da kuɗin makanike. Tafiyar tsaya-ka-tafi a cikin cunkoso tana shan mai fiye da tafiyar titi a sake, tana kuma cin kuloci da birki. Ga shi direba ba ya iya runtsawa ko karatu kamar fasinja. Wannan ya sa masu motoci da yawa suke kabu-kabu a hanyarsu ta zuwa aiki, suna ɗaukar fasinja don rage kuɗin mai, abin da kan jawo saɓani tsakaninsu da 'yan kamasho a wuraren lodi. Wasu kuma maƙwabta ne ko abokan aiki suke haɗa kai, mutum uku ko huɗu, su raba kuɗin mai ko su riƙa karɓa-karɓar fito da mota mako-mako. Wannan tsari yana da amfanin motar kai da arahar motar haya, muddin an yi yarjejeniya tun farko a kan lokacin tashi da kuma minti nawa za a jira wanda ya makara. Rashin wannan yarjejeniya ne yake rusa yawancin irin wannan haɗaka.

Motocin da ake kira ta manhajar waya, irin su Bolt da Uber, suna aiki a birnin, amma tsadarsu ta sa ba su zama abin hawan kullum ga mai albashi ba. An fi ajiye su don dare, ruwan sama ko ranar da makara za ta jawo asara.

Jirgin ƙasa

Jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, an buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sannan aka sake ƙaddamar da shi a watan Mayun 2024, inda aka fara da ɗaukar fasinja kyauta. Yana da tashoshi 12 a kan layi biyu: ɗaya daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ta Idu, ɗaya kuma daga Idu zuwa Gbazango a Kubwa, ta Gwagwa, Dei-Dei da Kagini. Fa'idarsa ita ce cunkoson titi bai shafe shi ba. Matsalarsa kuwa, tashoshi da dama suna nesa da gidajen mutane, jiragen ba sa tashi akai-akai, kuma layin bai je Nyanya da Mararaba ba, wato inda aka fi buƙatarsa.

Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya fara aiki a watan Yulin 2016 kuma yana tsayawa a Kubwa. Ya haifar da wani rukuni na ma'aikata da iyalansu ke Kaduna: su shigo ranar Litinin, su koma ranar Juma'a. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, wanda aka kashe mutane aka kuma sace fiye da 60, ya dakatar da zirga-zirgar har zuwa 5 ga Disamba na shekarar.

Tasirin cire tallafin mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki, ta kai naira 617 a gidajen man NNPC na Abuja a watan Yuli, ta kuma wuce naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Kuɗin mota ya bi sahu. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya tsaya a naira 30,000 tun 2019, sai a watan Yulin 2024 aka mai da shi naira 70,000.

Wannan ya sauya ɗabi'un matafiya. Wasu sun ajiye motocinsu sun koma haya. Wasu ofisoshi sun yi sassauci a kan zuwa kullum, kuma a jihohin Kwara da Edo an sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. An samu ƙaruwar masu kwana a wurin aiki ko a ɗakin wani ɗan'uwa a cikin gari daga Litinin zuwa Alhamis. Gwamnatin tarayya ta kuma ɓullo da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur araha. Ga mai doguwar tafiya kullum juyin yana iya mayar da kuɗinsa, amma tukunyar gas ɗin tana cinye but, kuma ƙarancin wuraren sayarwa yana jawo dogon layi, wanda shi ma lokaci ne da ya kamata a saka a lissafi.

Yadda ake auna zaɓi

Babu abin hawa guda da ya fi dacewa da kowa. Abin da ya fi amfani shi ne auna abubuwa huɗu tare: kuɗi, lokaci, tabbas da tsaro.

Kuɗi ana lissafa shi ne a wata ko a shekara, daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, a haɗa da kuɗin haya. Alal misali, idan zuwa da dawowa suna cin naira 3,000 a rana, a kwanakin aiki 22 sun zama naira 66,000 a wata, wato naira 792,000 a shekara. Wanda ya ƙi ɗaki kusa da wurin aiki saboda ya fi nasa tsada da naira 500,000 a shekara, zai iya tarar da cewa na nesan ne mai tsada. Sai dai lissafin ba ya ƙarewa a nan. Kuɗin mota ana biyan sa ne kaɗan-kaɗan, kuɗin haya kuwa a dunƙule, kuma mutane da yawa sun san gidan kusa ya fi riba amma ba su da dunƙulallen kuɗin kama shi. Haka nan kayan abinci da kuɗin makarantar yara sun fi sauƙi a bayan gari, kuma mai iyali yana buƙatar ɗakuna fiye da gwauro. Saboda haka ƙaura zuwa kusa ta fi yi wa marar iyali sauƙi, ko matasa biyu ko uku da za su haɗa kuɗi su kama ɗaki.

Lokaci ma yana da irin wannan lissafi. Sa'a biyu zuwa, sa'a biyu dawowa, a kwana 22 sun zama sa'a 88, daidai da kwanakin aiki 11 masu sa'a takwas-takwas. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana ɗaukar tafiyar minti 90 ko fiye a zuwa kawai a matsayin matsananciya, kuma da wannan ma'auni tafiyar mazauna Masaka ko Suleja da dama ta shiga wannan aji. A 1994 masanin kimiyya ɗan Italiya Cesare Marchetti ya bayyana cewa a tarihi mutane kan kashe kimanin sa'a guda ne a rana wajen tafiya, ko da ƙafa ko da mota, kuma biranen kan faɗaɗa gwargwadon saurin abin hawansu. Abuja ta faɗaɗa ba tare da abin hawa mai saurin da zai riƙe wannan sa'a guda ba.

A hanyoyin Abuja lokacin fita yakan fi nau'in abin hawa tasiri. Wanda ya bar Mararaba da idar da sallar Asuba yakan isa ofis kafin a buɗe, wanda ya ƙara minti 40 a gida kuma yana iya shafe ninki biyu ko uku na wannan lokaci a hanya, ko da a mota mai tsada yake. Shi ya sa ake ganin ma'aikata suna barci a cikin mota a harabar sakatariya kafin ƙarfe takwas. Da yamma ma haka ne: ofisoshin gwamnati suna tashi ƙarfe huɗu, don haka wasu kan yi saurin fita, wasu kuma su zauna har bayan Magariba ko Isha'i titi ya lafa. A watan azumi cunkoson yamma yana matsowa da wuri saboda masu son shan ruwa a gida. Duk wanda wurin aikinsa zai yarda ya fara da wuri ya tashi da wuri, ko ya yi aikin kwana ɗaya ko biyu daga gida, ya samu sauƙin da sauya mota ba zai ba shi ba.

Tabbas shi ne abin da aka fi mantawa. Hanyar da ke cin minti 70 kullum ta fi wadda ke cin minti 45 yau, gobe ta ci sa'a biyu, domin mai bin ta biyun dole ya riƙa fita kamar kullum ranar sa'a biyu ce. Ma'aikacin jinya mai karɓar aiki, malamin makaranta da ma'aikacin banki ya kamata su auna hanya da ranarta mafi muni, musamman Litinin da ranakun ruwan sama tsakanin Afrilu da Oktoba. Anan ne jirgin ƙasa da motar ma'aikata suke da fifiko ga wanda suka biyo ta wajensa.

Tsaro

Babbar barazana ga fasinja a Abuja ita ce 'yan fashin da ake kira "wan cans", masu shigar direbobin haya da fasinjoji. Sukan ɗauki mutum a bakin titi, su ƙwace waya da kuɗi, su tilasta masa tura abin da ke asusunsa na banki, wani lokaci su jefo shi daga mota tana tafiya. Sun fi aiki da duku-duku da kuma bayan duhu, wato daidai lokutan da masu gudun cunkoso ke fita, kuma wannan shi ne aibin dabarar sammako. Matakan da aka saba bayarwa sun haɗa da shiga mota a tasha ko sanannen wurin lodi maimakon tare ta a hanya, guje wa mota mai baƙin gilashi ko marar lamba, duba ko ƙofa tana buɗuwa daga ciki, da sanar da wani lambar motar. Mata sun fi ɗaukar wannan batu da muhimmanci wajen zaɓe, kuma da yawa sukan gwammace su biya ƙari ko su jira abokan tafiya. A watan Yunin 2025 an ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo, kuma rage irin wannan fashi yana cikin dalilan da hukumar birnin ta bayar na gina su.

Lafiya da iyali

Binciken da masana tattalin arziki Alois Stutzer da Bruno Frey suka wallafa a 2008, bisa bayanan ƙasar Jamus, ya nuna cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki suna bayyana ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma ƙarin albashi ko arahar gida ba su cika rama musu ba. Rahoton hukumar ƙididdiga ta Birtaniya na 2014 ya samu irin wannan alaƙa da damuwa, inda ta fi tsanani ga masu tafiyar minti 61 zuwa 90. A Abuja abin ya fi bayyana a ƙarancin barci, ciwon baya saboda matsi da dogon zama, shaƙar hayaƙin motoci da ƙurar hunturu, da cin abincin bakin titi a tsaitsaye. Akwai iyayen da ke fita 'ya'yansu na barci su dawo suna barci, sai ranar Asabar ake ganin juna da rana.

Masu wannan tafiya sun samo hanyoyin rage asarar. Fasinja yana iya sauraron labarai a rediyo, karatun Alƙur'ani, darasi ko littafin sauti, ko ya rama barci idan motar ta amintattu ce. Sauka kafin a isa a ƙarasa da ƙafa na minti 10 ko 15 yana rage kuɗin mota guda, yana kuma motsa jiki. Ga direba kuwa, gyangyaɗi a hanyar dawowa hatsari ne na gaske, kuma yana cikin dalilan da ke sa karɓa-karɓar tuƙi ta fi tuƙin mutum guda kullum.

Ayyukan hanya

An faɗaɗa ɓangaren hanyar Keffi da ke tsakanin Kugbo da iyakar jihar Nasarawa, an kuma gina gadojin masu tafiya a ƙasa a wurare da dama, amma cunkoson yakan koma duk inda titin ya sake tsukewa ko kasuwa ta hau kansa. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka tsara don ta ba mutanen Karshi, Orozo da Jikwoyi wata mashiga ta daban ba tare da sun bi ta Nyanya ba, an bayar da kwangilarta a 2011 kuma ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba.